Horo, almara ko faɗa: wanne za a tura maka?

Salam 'yan'uwa. Jiya da daddare wani ɗan'uwanmu ya yi tambaya a nan, ya ce zai je wajen masu tura fim amma memorinsa ya kusa cika, ya rasa wanne zai zaɓa tsakanin fim ɗin horo, wato na ban tsoro, da na almara irin na tsafi da dodanni da masarautun da babu su a duniya, da kuma na faɗa. Ya ce a waya yake kallo, kuma wani lokacin ƙannensa kan zagaye shi. Na ga kowa sunan fim ɗin da yake so kawai ya jefa masa ya wuce, shi ya sa na ce bari in ɗan zauna mu jera su kusa da juna, don ni dai ukun nan duk na ɓata dare a kansu kuma kowanne na san inda yake da ƙarfi da inda yake gurguncewa.

Ɗan'uwa, fara riƙe wannan, kowanne da abin da yake rayuwa a kansa. Horo da kunne yake aiki, almara da haƙurinka, faɗa kuma da jikin akta.

Horo shi ne ya fi arha wajen haɗawa kuma shi ne ya fi saurin kama mutum. Ka duba Paranormal Activity, kusan dala 15,000 aka kashe masa, a gidan daraktan ma aka ɗauke shi, amma ya kawo sama da dala miliyan 190, kuma me ke ciki? Kyamara ce a kafe tana kallon gado, ƙofa ta ɗan motsa, bargo ya ja da kansa, shi ke nan, sauran tsoron kai ne kake ƙera wa kanka. Na taɓa kallon wani irinsa da iyafis a kunne wajen ƙarfe ɗaya na dare, an ɗauke wuta unguwa ta yi tsit, daidai lokacin da matar ta tsaya tana saurare sai mage ta diro kan kwanon ɗakinmu, wallahi sai da na cire iyafis ɗin na kunna tocila na karanta Ayatul Kursiyyu kafin na iya kwanciya. Babu fim ɗin faɗan da ya taɓa bi na har kan katifa haka. Kuma in ka samu na Indonesiya ko na Turkiyya ya fi na Amurka shiga jiki nesa ba kusa ba, saboda aljani ne da sihiri da malami mai ruƙiyya da kiran sallah, abin da ka taso kana jin labarinsa, ba fadan coci da kuros a wani tsohon gida mai bene ba.

Amma rauninsa ma nan kusa yake. Da zarar an nuna maka fuskar dodon ƙarara to rabin tsoron ya tafi. Da yawansu ba su da wata dabara sai a yi shiru, a yi shiru, sai a buga maka ƙara ka zabura, wannan razana ce kawai, ko ƙaninka ya laɓe bayan ƙofa zai iya yi maka ita. Ga kuma mutanen cikin fim ɗin da ke yin abin da mai hankali ba zai yi ba, an ji kuka a ɗakin ƙasa sai mutum ya ɗauki kyandir shi kaɗai ya nufi wajen. Kallo na biyu kuwa lami ne, ka riga ka san inda za a firgita ka. Sannan fassara tana kashe shi, da mai fassara ya sako barkwanci a kan wannan shirun to an gama. Kuma tunda ka ce da yara a gefenka, don Allah ka cire shi daga lissafi, yaro zai yi sati yana firgita cikin barci, ban da jini da tsiraicin da ake yawan cusawa ba gaira ba dalili.

Almara ita ce kishiyarsa ta kowace fuska. Horo yana ɓoye maka abu, ita kuwa so take ta nuna maka komai, birni, dakaru, dawakai, yare, tarihin sarakuna har kaka da kakanni. Kuɗi take ci kamar me, kai ma lokacinka take ci. Lord of the Rings guda 3 ne, sun fito daga 2001 zuwa 2003, a Niyu Zilan aka ɗauke su, in ka haɗa su sun haura awa 9, na ƙarshen kuma ya ci kyautar Oska 11. Awar farko za ka iya yin hamma, sunaye sun yi yawa, ka rasa wane ne ɗan wane, amma in ka daure ka shiga ciki to ka shiga ke nan, bayan shekara goma kana tuna mutanen kamar waɗanda kuka yi tafiya tare. Mu da muka taso da ga ta nan ga ta nanku, da Gizo da Ƙoƙi da dodo mai tsare rijiya, wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu, tatsuniya ce aka zuba mata dukiya. Baahubali ma ai shaida ne, kashi na ɗaya 2015, na biyu 2017, mutane suka yi kusan shekara 2 suna gardamar dalilin da ya sa Kattappa, amintaccen bawan masarautar cikin fim ɗin, ya yi abin da ya yi.

Inda take ba ni haushi shi ne in tsafin ba shi da doka. In an ce maka zoben nan ko takobin nan ga abin da yake iyawa ga wanda ba ya iyawa, to hankalinka zai tashi in jarumi ya shiga tsaka mai wuya. Amma in duk sanda aka ƙure shi sai wani sabon ƙarfi ya faɗo daga sama, to me ya rage ka ji wa tsoro? Na biyu, aikin kwamfuta yana tsufa, dodon da ya burge ka da, yau ka sake kallo sai ka ga kamar katun. Na uku kuma shi ya shafe ka kai tsaye, a waya ana cutar ta, rundunar mutum dubu goma sai ta koma kamar tururuwa, musamman in an matse fim ɗin don ya shiga memori, wuraren duhu duk su dagule. Kuma in yara na kallo ka riƙa yi musu bayani cewa ƙirƙira ce, kar su ɗauki zancen allolin ciki da tsafin da gaske.

Faɗa kuwa ba ya buƙatar dogon bayani, ga akta ga bos, an kashe masa wani ko an sace masa wani, a je a gama. Ko ba ka jin yaren za ka gane, ko a tsakiya ka tarar za ka bi, shi ya sa tun zamanin gidan kallo da kaset ɗin Chanis shi ne ke tara jama'a, kuma shi ne fassarar Hausa ta fi yi wa kyau don barkwancin ba ya rage masa komai, ƙara masa gishiri ma yake. Mai kyau a cikinsa shi ne wanda kyamara ta ja baya ta bar ka ka ga dukan da idonka. Jackie Chan da kansa yake yawancin tsalle-tsallensa, a wajen ɗaukar wani fim a tsohuwar Yugoslabiya ya faɗo daga bishiya ƙoƙon kansa ya fashe sai da aka yi masa tiyata, kuma kana kallo jikinka na ba ka cewa mutum ne na gaske yake jin ciwon. Wanda ya ba da umarnin John Wick ma tsohon mai yi wa 'yan fim wasan kasada ne, shi ya sa faɗan yake fita tsaf. Marar kyau kuwa shi ne wanda ake yanka hoto duk sakan ɗaya ana girgiza kyamara don a ɓoye cewa aktan bai iya komai ba.

Rauninsa kowa ya sani, akta ba ya mutuwa, mutum hamsin na harbinsa ba wanda ya same shi, harsashinsa ba ya ƙarewa, labarin kuma bai fi cikin cokali ba, ka kalli biyar a sati ɗaya su cakuɗe maka a kai. Kuma kullum sai sun ƙara gishiri fiye da na baya, har ta kai a Fast & Furious na 9 an harba mota sararin samaniya, ni daga nan na sauka.

To ga shawarata a kan halin da ka faɗa. Tunda waya ce kuma da ƙanne, ka sa a tura maka na faɗa guda biyu, irin na Chanis na da mai ban dariya wanda ba jini sosai, ka fara dubawa kai kaɗai kafin ka kira su. Sauran wurin ka ba almara guda ɗaya mai kyau, ka ce a ba ka mai nauyi ba wanda aka matse ba, ka ajiye shi sai ranar da ka samu talabijin da wuta ko sola. Horo kuwa ka bari sai ranar da kake kai kaɗai, marar fassara, da iyafis, kuma ka yi sallar isha'i tukuna.