Tsohon keken ɗinki: duba aljihun tebur kafin ka biya

Duk mai niyyar sayen tsohon keken ɗinki a Katsina, ko a babbar kasuwa ko a hannun magada, ya fara jawo aljihun teburin tun kafin fenti ya ɗauke masa hankali. Ƙananan ƙarafan nan da mai sayarwa kan kira tarkace, su ke faɗin ko wane keke ne a gabanka.

In ka ga ƙarfe mai tsini kamar harsashi da dogon kwarkwaro siriri a ciki, irin na Singer 27 da 28 ne. Yana ɗinki, amma ranar da kwarkwaron ya ɓata sai ka sha yawo. Bar wa masu ajiyar kayan tarihi. Zagayayyen kwarkwaro mai shiga gidansa ta gefe, ƙarƙashin teburi, shi ne na samfurin 15, kuma shi nake so ka nema.

Singer 15K ba ya da na biyu a wurina. Harafin K na nufin Kilbowie, masana'antar kamfanin da ke Clydebank a Sikotlan, wadda aka rufe a 1980. Za ka gane shi da maɗaurin zaren sama, wanda ke can gefen hagu a fuskar kan, ba a gaba inda tela ke kallo ba. Zubin ƙarfe ne, babu roba a cikinsa, ba ruwansa da wuta. Ninka shadda mai sitaci ka ba shi wuyan kaftani, zai ratsa ba tare da tsallake ba. Abin da ya fi ja na gare shi kuwa shi ne Japanawa da 'yan Sin duk shi suka kwaikwaya, don haka allurarsa da kwarkwaronsa suna nan a shagunan kayan keke daga Katsina har Daura, kuma kowane mai gyara ya san cikinsa.

Butterfly na Shanghai ya isa ɗan koyo. Usha na Indiya ma haka. Singer 201K ya fi laushin tafiya, sai dai kwarkwaronsa daban ne.

Sauran ƙarafan kada ka bar su. Ƙafa mai naɗaɗɗen baki ta kalmasa ce. Babba mai hannu mai yatsu biyu, wanda ke hawa kan sukurun allura, na tattara ne, kuma masu ɗinkin mata sun san darajarsa. Juya kowanne ka nemi rubutun Simanco da lamba, tambarin Singer ke nan a kan kayan gyaransa.

Yanzu ga inda ake cutar mutane. Tunda kwaikwayon ya yi kama da na asali, wasu kan fesa wa kan keken Sin baƙin fenti, su manna sunan Singer da ruwan zinare. Sunan da ke jiki ba shaida ba ne. Shaida ita ce lambar da aka buga cikin ƙarfe a gindin kan, ta hannun dama. Wadda ta fara da Y, ko da E tare da wani harafi, ta Clydebank ce. Tambarin tagulla kuma da ƙusa ake kafa shi, ba da gam ba; masu ɗauke da 1851 da 1951 na cikar kamfanin shekara 100 ne. In fenti ya cike lambar, ko an goge wurin, ka tashi.

Akwai wadda ta fi wannan muni. Wani ya taɓa sayar mini da kan Singer na gaske, lamba daidai, ashe ya kwashe kayan cikin ya zuba na kwaikwayo, ga tsaga a ƙasa an yi walda an shafe da fenti. Tun daga nan ba na sauraron "Alhaji, wannan ɗan Ingila ne". Kwantar da kan baya ka duba ƙasansa da fitilar waya, ka shafa da yatsa ko za ka ji tudun walda. Girgiza sandar allura. In tana wasa, ta cinye. Tafi da ƙyallenka mai kauri da mai gyaran da ka yarda da shi, kuma kada kuɗi su bar hannunka sai ka taka keken da ƙafarka.