Dutsen lasa na tumaki: abin da yake gyarawa da abin da ya fi ƙarfinsa

A shagunan maganin dabbobi na Marwa da Garwa a Kamaru, wanda ya zo da kukan ɗan ragonsa ya gwame, dutsen lasa mai kilo 5 ake fara miƙa masa. Kaya ne mai kyau, amma ana ɗora masa nauyin da ba nasa ba.

Yawancin abin da ke cikin dutsen, gishiri ne, sai ɗan kalsiyam da fosfaras. Ƙashi na son kalsiyam ya ninka fosfaras sau 2, masu kiwon layya kuwa dusa da turton auduga (saurar irin auduga bayan an tatse mai) suke durawa, su kuma fosfaras ne ya yi musu yawa. Daga nan gaɓoɓi ke kumbura, ƙashi ya yi laushi, wani ragon ma tsakuwa ta toshe masa fitsari. A nan dutsen yana taimakawa, amma sai an haɗa da harawar gyaɗa ko ta wake, an kuma bar 'yan tumakin su sha hantsi. A rataye shi daidai bakinsu, nesa da raɓa, a ajiye ruwa kusa. Wanda ba a rubuta sinadaransa a kwali ba, a bar wa mai shago abinsa.

Gwamewar gado daban take. Fitacciyar ita ce wadda ta addabi tumaki jinsin Suffolk da Hampshire a Amurka, har ake kiran masu ita 'yan gizo-gizo. A ƙarshen kowane dogon ƙashi akwai guringuntsin da ke ƙara tsawo, kuma ƙwayar gado mai suna FGFR3 ce ke taka masa birki. Canji guda a cikinta, in ɗan ya gaje shi daga uwa da uba duka, ya isa ya kashe birkin. Sai ƙafafu su zarce su lanƙwashe, gwiwoyi su haɗe, ƙashin baya ya karkace, har karan hanci ya goce. Wani da shi ake haihuwarsa, wani sai ya yi mako 4 zuwa 6, kuma ba kasafai suke girma ba. Abin da ke yaudarar makiyayi shi ne, ragon da ya gaji canjin daga ɓangare ɗaya kawai lafiyarsa lau, yakan ma fi tsara tsayi, sai a zaɓe shi don barbara. In ya haɗu da tunkiya irinsa, kusan 1 cikin 4 na 'ya'yansu zai kamu.

Ba sai mutum na kiwon Suffolk wannan zai shafe shi ba. Garken Uda ko Balami da rago ɗaya ke hawa 'ya'yansa da jikokinsa, duk lahanin da ya ɓuya a jini zai fito fili. A duba: in ƙananan duk sun lalace tare a rani, abinci ne, a sayi dutsen. In kuwa tsiraru ne, ubansu ɗaya, 'yan uwansu garau a kan abinci guda, ko dutse goma aka rataya ba zai miƙar da ƙafar ba. A kira likitan dabbobi ya gani, a cire ragon daga barbara, a samo wani daga garken da ba su haɗa jini ba.