Sammore ne ko ciwon hanta? Amsa ga Alhajinmu na Shanga

Alhaji, Allah ya ƙara maka lafiya. Tun jiya da dare na ga tambayarka, na bari sai gari ya waye don in amsa a natse. Ga 'yan'uwan da ba su gani ba: Alhaji yana da bijimai biyu na huɗa da shanu mata uku. Tun da aka yanke shinkafa suke kiwo a fadama, ga shi har bazara ta shigo. Wata biyu ke nan suna ramewa, suna cin abinci amma haƙarƙari sai ƙara fitowa yake yi, ɗaya bijimin kuma ƙarƙashin haɓarsa ya kumbura. An yi musu allurar sammore har sau uku, shiru. Maƙwabcinsa Bafulatani ya ce balku ne, wato hanta. Shi ne Alhaji yake tambaya yadda ake bambanta su, da kuma ko ya ƙara allura ta huɗu.

In fara da ta ƙarshen: kada ka ƙara allurar nan tukuna. Ban ga shanun da idona ba, amma daga bayaninka zuciyata ta fi karkata ga maganar maƙwabcinka.

Abin da ke rikita mutane shi ne cututtukan biyu duk jini suke ƙararwa. Ka ja fatar idon saniya ƙasa da babban yatsa, maimakon ja-ja sai ka gan shi fari fat kamar takarda. Gashi ya tashi, tafiya ta yi nauyi, nono ya ragu, bijimi ya yi kunya biyu ya tsaya yana haki. Duk wannan sammore na yi, hanta ma na yi. Amma kama da wane ba ta wane.

Sammore ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani, cikin jini take iyo. Ƙudan tsando ne babban mai yaɗa ta. Iri uku ne suka fi damun shanunmu, kuma ɗaya daga ciki, wanda masana ke kira vivax, ba ya jiran tsando: bobuwa da sauran ƙudaje masu cizo suna ɗaukarsa a baki daga wannan saniya zuwa waccan. Da haka ya zauna daram a Amurka ta Kudu, inda babu tsando ko ɗaya. Don haka wanda ya ce maka babu sammore a garinku tunda babu kurmi, bai faɗi daidai ba. Garken da ya yi cin rani a kudu, wajen Borgu ko dazukan jihar Neja ko cikin Jamhuriyar Benin, yana iya dawowa da shi ya raba wa shanun gida.

Ita kuwa hanta tsutsa ce, kuma ana ganinta ƙuru-ƙuru. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kwata da sassafe ya san ta. Na sha tsayawa kan mahauci a Yauri yana yanka hantar sa, wuƙa na ƙaras-ƙaras kamar ta haɗu da tsakuwa, saboda hanyoyin ruwan maɗaci sun yi kauri sun ƙandare. In ya matsa, sai tsutsotsin su zamo waje, fale-fale kamar ganye, wata ta kai tsawon yatsa, har santimita 7. Ba ƙuda ke kawo ta ba. Ƙwanta na fita cikin kashin saniya, ya ƙyanƙyashe a ruwa, ya shiga jikin wani ɗan ƙaramin dodon koɗi da ke zaune a ruwan da ba ya gudu, ya hayayyafa a can, sannan ya fito ya manne a ciyawar bakin ruwa. Saniya ta ci ciyawar, shi ke nan ta haɗiye. 'Ya'yan tsutsar su huda hanji su isa hanta, su yi makonni suna ratsa namanta, kafin su zauna a hanyoyin maɗaci suna shan jini.

To dubi lokacin da naka suka shiga fadama. Binciken da aka yi a Zariya tun shekarun 1970 ya nuna dodon koɗin nan ya fi yawa a farkon rani, lokacin da ruwa ke ja da baya, a nan ne dabbobi suka fi kwasar cutar, illar kuma sai ƙarshen rani take bayyana, daidai lokacin da abinci ya yi ƙaranci. Lissafin ya zo ɗaya da labarinka.

Akwai alamun da ke taimakawa, ko da yake ba su kai shaida ba. Sammore yana zuwa da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa: yau sa ya yi lamo, hanci a bushe, jibi ya warware, bayan kwanaki ya sake kwantawa. In kana da ma'aunin zafi, lafiyayyen sa yana tsakanin 38 da 39, abin da ya haura 39.5 da safe zazzaɓi ne. Kaluluwar gaban kafaɗa da ta gaban cinya sukan kumbura har ka kama su da hannu, ido na zubar da hawaye, makiyaya kuma suna lura da zubewar gashin wutsiya. Tsohuwar hanta ba ta cika zuwa da zazzaɓi ba, kaluluwa na nan yadda take. Tata alamar ita ce kumburin ƙarƙashin haɓa. Ka danna shi da yatsa: ba zafi, ba tauri, gurbin yatsan zai zauna na ɗan lokaci kafin ya cike. Ruwa ne ya taru saboda jini ya tsinke. Sai dai tsutsar ciki mai shan jini ma tana kawo irin wannan kumburin, musamman ga tumaki da maruƙa, shi ya sa na ce ba shaida ba ce. Af, masu tumaki su kula: hanta ta fi yi musu kisan gaggawa, tunkiya na iya faɗuwa ta mutu ba ta ko rame ba.

Inda cututtukan suka rabu gaba ɗaya shi ne magani, kuma nan ne kuɗin mutane ke zubewa. Garin nan rawaya da ake kira Berenil, da 'yan'uwansa masu sunaye barkatai, sinadarinsu ɗaya, diminazene. Ba ya taɓa tsutsar hanta ko kaɗan, ko buhu guda za a narka wa sa. Abin da ya ɗaukaka shi a idon makiyaya shi ne yana kashe sammore, yana kuma kashe cutar jan fitsari da kaska ke kawowa, sannan fiye da rabin garin da ke cikin ƙunshin wani sinadari ne mai saukar da zazzaɓi. Sai dabba ta ɗan ji daɗi kwana biyu, a ce magani ya yi, a mayar da shi maganin komai. Mahaifina ya yi wannan kuskuren da wani jan bijimi da muke ji da shi. Wani mai sayar da magani a kasuwa ya yi ta ba shi ƙunshi bayan ƙunshi, har bijimin ya kasa tashi ana gab da shuka. Da aka yanka, hantar ba ta ciwuwa, aka binne ta. Damanar nan da fartanya muka yi ta. Ina yaro a lokacin, amma har yau in na ga saniya da kumburin haɓa sai na tuna shi.

Hanta maganinta daban, su ma kuma ba ƙarfinsu ɗaya ba. Albendazole, farin nan na ɗura ko ƙwaya, manyan tsutsotsi kaɗai yake kashewa, shi ma sai an ba da miligiram 10 ga kowane kilo, sama da awon tsutsar ciki. Ba a ba saniya shi a farkon ciki, kamar kwana 45 na farko. Allurar nitroxynil, mai rina hannu rawaya, tana kama manya da waɗanda suka kusa girma. Triclabendazole ne ke bin su har ƙanana da ke cikin naman hanta. Ivermectin zalla kuwa, wanda mutane suka ɗauka sarkin maganin tsutsa ne, ba ya yi wa hanta komai sai in an haɗa shi da clorsulon, kuma za ka ga an rubuta a jikin kwalba. A yanayinka, tunda watanni sun shuɗe da fara kiwon fadama, yawancin tsutsotsin sun girma, amma malamin dabbobi ne zai zaɓa maka bayan ya gani.

Duk da haka ba zan ce maka sammore ya fita daga lissafi ba. Allura uku ba tare da sauƙi ba na iya nufin maganin ne bai kai ba. Ƙaramin ƙunshin Berenil ɗin nan mai giram 2.36 na dabba mai kilo 300 ne. Bijimin huɗa Gudali yakan wuce haka, amma sau nawa muke ganin an raba ƙunshi ɗaya ga shanu biyu? Ga kuma jabu. Wani bincike da aka buga a 2018 ya auna magungunan sammore da aka sayo a kasuwannin ƙasashen Afirka ta Yamma, ciki har da maƙwabtanmu Nijar da Benin, aka tarar wajen rabinsu ba su cika ƙa'ida ba. Ƙarancin awo da jabu su ne ke koya wa ƙwayar cutar jure magani, kuma ba mu da wasu da yawa da za mu koma gare su. Diminazene tun 1955 yake kasuwa, isometamidium, wanda aka fi sani da Samorin, tun farkon shekarun 1960. Na farkon yana warkarwa ne ya fice daga jiki da wuri, na biyun yana ba da kariya ta wata biyu zuwa huɗu. In ɗaya ya gaza, likitoci kan koma ga ɗayan, ba su maimaita wanda ya gaza. Masu raƙuma da karnuka kuma su nisanci diminazene, yana iya kashe su.

Ta fuskar sabon bincike, sammore ne ya fi samun labari mai daɗi. An daɗe ana cewa ba za a iya yi masa allurar rigakafi ba, don ƙwayar tana sauya rigarta duk lokacin da jiki ya gane ta. A 2021 masana a cibiyar Sanger ta Ingila suka gano wani sashe a jikin vivax wanda ba ya sauyawa, suka yi rigakafi da shi, ya kare ɓeraye. Ɓeraye fa, ba shanu ba, don haka duk wanda ya kawo maka kwalba ya ce rigakafin sammore ce, ka riƙe kuɗinka. Wanda za ka iya amfana da shi yau shi ne binciken da aka yi a Zimbabuwe, da ya nuna tsando ya fi sauka a ƙafafu da cikin saniya. Fesa maganin ƙwari a waɗannan wuraren kaɗai yana rage kuɗin feshi ƙwarai, ga shi yana rage kaska. A ɓangaren hanta kuwa labarin gargaɗi ne. Tun 1995 aka fara ganin tsutsar da triclabendazole ba ya kashewa a Ostareliya, a 2023 kuma masana a Jami'ar Libaful suka nuna cewa wannan taurin kai gadonsa ake yi, kuma ko daga ɓangare ɗaya aka gado shi ya isa. A kan 'yar'uwar tamu tsutsar suka yi aikin, ta ƙasashen sanyi, amma darasin ya shafe mu: ɗura barkatai ba awo zai lalata mana mafi ƙarfin maganin da muke da shi. Ita ma hanta babu rigakafinta a kasuwa.

Abin da nake so ka yi cikin makon nan: ka nemi malamin dabbobi na ƙaramar hukuma ya ɗebi jini da kashi na duka biyar ɗin. Jinin da sassafe ya fi, kuma ka gaya masa ranar da aka yi allurar ƙarshe, don tana iya ɓoye ƙwayar sammore daga madubin likita. Kashin kuwa sabo, kowace dabba da ledarta. Ƙwan tsutsar hanta ba ya fara fita sai bayan wata uku zuwa huɗu da kamuwa, naka sun kai wannan lokacin, in tana nan akwai kyakkyawan zaton a gan ta. In abin ya gagara a kusa, akwai asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Kada kuma ka yi mamaki in an ce duka biyun ne, a bakin Neja hakan na faruwa. Kowane magani aka ba su, ka tambayi kwana nawa za a jira kafin a sha nonon ko a yanka.

Sannan abinci. Ko an kashe tsutsar yau, jinin da ya ƙare ba zai dawo da bambaron shinkafa kaɗai ba. Ka haɗa musu da harawar wake ko ta gyaɗa, ɗan ƙulin auduga da dusa, ga gishirin lasa. Ka shayar da su ruwan rijiya ko na burtsatse in da hali, ka janye su daga kududdufan da suka rage a fadama, don can dodon koɗin ya tattaru yanzu. Bijimin mai kumburi kada a ɗora masa garma ko amalanke sai fatar idonsa ta dawo ja, ko da ruwan farko ya sauka. Idan sakamakon ya fito, Alhaji, ka turo mana shi nan tare da hoton kwalbar da aka rubuta maka, gaba da baya, mu duba awon tare.