Wata huɗu a wani gidan motsa jiki na Sabon Gari: koci biyu da maganar tsamin jiki

Na fara zuwa wannan gidan motsa jiki da ke Sabon Garin Zariya ne a farkon hunturun da ya wuce, bayan likita ya auna ni ya ce jinina ya fara hawa, kuma zaman ofis daga safe zuwa la'asar ba zai bar ni lafiya ba muddin ban nemi abin da zai sa in yi gumi ba. Yau wata huɗu ke nan ina zuwa sau uku a mako, saboda haka ina ganin na ga abin da ya isa in ba mai niyyar zuwa labari, musamman a kan abu ɗaya da ya kusa sa in daina tun a watan farko, wato yadda ake ɗaukar tsamin jiki a wurin.

Wurin kansa ba shi da wani babban aibu. Ɗaki ne guda mai faɗi a saman bene, da tagogi da fankoki, akwai injin gudu biyu, kekunan motsa jiki uku, bencina, da ƙarafan ɗagawa ƙanana da manya. Ana share ƙura kowace safiya, abin da duk wanda ya san hunturun Zariya zai yaba. An ware wa mata lokacinsu da hantsi, kuma mace ce take koyar da su. Ɗaya daga cikin injinan gudun ya lalace tun watan Janairu ba a gyara ba, janareta kuma sai da yamma ake tayar da shi, don haka idan an ɗauke wuta da safe sai dai mutum ya koma kan keke ko ƙarfe. Kuɗin wata bai fi ƙarfin ma'aikaci mai matsakaicin albashi ba.

Koci biyu ne suke kula da maza, ɗaya da safe, ɗaya da yamma, kuma da na yamma na fara. Matashi ne mai fara'a, wanda ba ya zama ko na minti ɗaya. A ranata ta farko ya ɗora mini ƙarfe a kafaɗa, ya sa na yi ta tsugunawa ina tashi, yana cewa in riƙa sauka a hankali, har sai da ƙafafuna suka fara rawa. Washegari na ji ɗan nauyi kawai. A kwana na biyu ne abin ya bayyana: da asuba na kasa yin ruku'u yadda na saba, sai da na dafa bango kafin in miƙe daga sujada, kuma matakalar ofishinmu a kaikaice na sauko ta, ina riƙe da ƙarfen gefe da hannu biyu. Da na koma na ce masa, "Koci, cinyoyina sun ƙi lanƙwasuwa," sai ya yi murna, ya ce, "Yallaɓai, ai alamar aiki ya shiga ke nan. Duk ranar da ka tashi ba ka ji tsami ba, to jiya kuɗinka ka zubar."

Na yarda da shi, domin maganar tana kama da gaskiya. Mako uku na yi ina bin tsami kamar shi na biya kuɗi in saya. Shi kuma kullum sai ya sauya mini abin da zan yi, yau wannan gobe wancan, don kada jiki ya saba, ni kuwa kullum cikin ciwo nake, ina tsallake ranakun zuwa saboda ba zan iya ba.

Sauyin lokacin aiki ne ya mayar da ni wurin kocin safe, dattijo mai ƙarancin magana wanda ba ya rabuwa da littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Da na yi masa ƙorafin cewa mako guda ke nan a hannunsa ban ji tsami ba, bai yi mini gardama ba, sai ya tambaye ni, "Malam, ka taɓa yin noma?" Na ce na yi da ƙuruciya. Ya ce in tuna ranar farko da ake shiga gona da fartanya bayan saukar damina, yadda ƙugu da damatsa suke yin tsami har mutum ya kasa juyi a kan tabarma, sannan in tuna mako biyu bayan nan, lokacin da manomi yake nome kunyoyin da suka ninka na ranar farko ya koma gida ya kwana lafiya. "A wace rana ce aka fi yin aiki?" in ji shi. Daga nan ya buɗe littafin, ya nuna mini shafina: ƙarfen da na ɗaga sau 8 da ƙyar ranar Litinin ta farko, ga shi na ɗaga shi sau 12 ranar Litinin ta biyu.

Na je na karanta abin da masana suka rubuta a kan wannan, kuma na tarar dattijon yana kan hanya. Tun a shekarar 1902 wani masanin aikin jiki ɗan Amurka, Theodore Hough, ya bayyana irin wannan ciwo mai zuwa a makare, ya danganta shi da 'yan ƙananan tsage-tsage a cikin tsoka. Yakan fara ne bayan awa 12 zuwa 24, ya kai ƙarshen tsananinsa tsakanin awa 24 da 72, sannan ya lafa cikin kwana biyar zuwa bakwai, daidai yadda ya yi mini. Abin da ya fi jawo shi abu biyu ne: aikin da jiki bai saba da shi ba, da kuma aikin da tsoka take miƙewa alhali tana riƙe da nauyi, kamar saukowa daga tudu, ko sauke ƙarfe a hankali, ko tsugunawa da kaya a kafaɗa. Wannan na biyun na gan shi ƙarara ranar wata Asabar da 'yan gidan suka shirya hawa Dutsen Kufena. Wurin hawa ne muka yi haki da gumi, saukowa kuwa muna hira muka yi ta, amma bayan kwana biyu gaban cinya ne ya kama kowa, wato tsokar da ta riƙa yi mana birki a gangare.

Da zarar tsoka ta sha irin wannan aiki sau ɗaya, takan samu kariyar da ke ɗaukar makonni, ta yadda maimaita aikin ba zai sa ta yi tsami kamar na farko ba, alhali ƙarfinta yana ci gaba da ƙaruwa. Ke nan tsami shaida ce ta baƙuntar aiki, ba ma'aunin amfaninsa ba ne. Mai tuƙa keke na rabin awa yana amfanar zuciyarsa da jininsa ƙwarai, kuma da wuya ya tashi da ciwo. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2020, ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, tare da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Da mintoci da kwanaki ta auna abin. Har ila yau, maganar da kocin yamma yake yawan yi, cewa sinadarin laktik asid ne yake taruwa a tsoka ya kwana biyu yana cizo, ba ta inganta ba, domin jiki yakan kawar da shi cikin kamar awa ɗaya bayan an gama.

Da abin ya tsaya a kan kuskuren fahimta kawai, da ban tsawaita ba. Abin da ya tayar mini da hankali ya faru ne da shigowar zafin bazara. Wani ɗalibi da ya fara zuwa da yamma ya shigo da safe, kwana biyu bayan an ba shi aiki mai tsanani a ranarsa ta farko, hannuwansa a kumbure ba ya iya miƙe su, yana tambaya ko akwai man zafin da ya fi wanda ya shafa. Ya riga ya sha ƙwayoyin kashe ciwo da ya saya a kemis. Kocin safe ya ja shi gefe ya tambaye shi launin fitsarinsa, yaron ya ce kamar baƙin shayi. Nan take dattijon ya ajiye littafinsa, ya ce, "Ɗana, tashi mu tafi," ya tare Keke Napep suka nufi asibitin koyarwa na Shika. Idan tsoka ta lalace fiye da kima, abin da ke cikinta yakan kwarara cikin jini ya toshe ƙoda, kuma zafin rana da ƙarancin shan ruwa suna ƙara haɗarin, haka ma magungunan ciwo irin su ibuprofen da diclofenac suna ƙara wa ƙoda nauyi a irin wannan hali. Masu jinin AS, wato masu ɗauke da ƙwayar halittar sikila, waɗanda suke da yawa a cikinmu, sun fi bukatar taka-tsantsan da aikin da ya wuce ƙarfi a cikin zafi. Yaron ya warke, alhamdu lillahi, amma ya ɗauka duk abin da yake ji alamar nasara ce, domin haka aka gaya masa.

Tsami na yau da kullum yana cikin naman tsoka, yakan kama ɓangarorin da aka yi aiki da su, kuma yana sassautawa idan mutum ya ɗan yi tafiya jiki ya ɗumama. Ciwon da ya soki mutum farat ɗaya yana cikin aiki, ko wanda ya zauna a gwiwa ko kafaɗa ko wata gaɓa, ko wanda ya zo da kumburi mai yawa da baƙin fitsari, wannan na likita ne. Babu inda aka rubuta wannan a bangon gidan, alhali akwai hotunan ƙartai masu murɗaɗɗen jiki a kowace kusurwa, kuma babu wanda ya tambaye ni tarihin lafiyata ranar da na biya kuɗi, ni da hawan jini ne ya kawo ni. Wannan shi ne babban gibin da na gani a wurin, ya fi lalacewar injin gudu nesa ba kusa ba.

Ga wanda yake son zuwa, shawarata ita ce ya nemi zaman safe, ya bari a buɗe masa shafi a littafin nan, ya fara da ƙaramin ƙarfe ko da yana ganin ya yi masa kaɗan, ya kuma zo da ruwansa. Idan tsamin makon farko ya zo, tafiya a hankali da ɗan tausa da isasshen barci sun wadatar har ya wuce. Kocin yamma ba mugu ba ne, yana son aikinsa kuma matasa suna son sa, abin da yake bukata shi ne a zaunar da shi a gyara masa wannan fahimta guda.

Na sabunta kuɗin wata na biyar, na safe kaɗai. Na kuma samu mai gidan na roƙe shi abu biyu: takardar tambayar lafiya ga duk sabon zuwa, da sanarwa da Hausa a bakin ƙofa mai bayyana alamun da za su sa mutum ya nufi asibiti. Ya ce zai yi kafin ƙarshen wata, kuma kocin safe ya ɗauki nauyin rubuta sanarwar da hannunsa.