Rigar ganye mai raga ce kamo ɗin da na yarda da shi wajen farautar barewa a zafi

Jama'a, duk wanda ya taɓa zaman dakon barewa a lokacin zafi ya san ba zanen da ke jikin rigarsa ne ke tona masa asiri ba, gumi ne da sauro da motsin da suke sa mutum yi. Shi ya sa idan aka tambaye ni wane kamo, wato kayan ɓad-da-kama, za a saya, amsata ba ta farawa daga kala, tana farawa ne daga tambayar shin za ka iya zama cikinsu shiru har barewa ta iso ko kuwa zafi zai tashe ka tun kafin ta zo. A kan wannan ma'aunin na auna rigar ganye mai raga, wato riga da wandon nan da aka yi da raga zalla aka ɗinka musu ƙyallaye masu siffar ganye tun daga kai har ƙafa, kuma gaskiya ta cancanci a yi magana a kanta, alherinta da aibinta duka.

Kamfanoni da yawa ne ke yin ta kuma kusan duk ɗinkin ɗaya ne. Riga mai zif a gaba da hular da ke haɗe da ita, wando mai roba a ƙugu wanda ake zurawa a kan wandon da kake sanye da shi, sai 'yar jaka da ake cusa su ciki. Ba ta da nauyi sam, in ka naɗe ta ba ta cin wuri a jakar baya. Amfaninta na farko kenan, ba sai ka saka ta tun daga inda ka ajiye mota ba, ka yi tafiyarka da 'yar shimi mara nauyi, in ka isa wurin zama ka huta gumi ya bushe sannan ka zura ta a sama. Wannan kaɗai ya isa ya raba ta da kamo mai kauri na auduga wanda tun kafin ka isa ya jiƙe sharkaf ya manne a baya.

Kuma fa zafin da nake magana ba wasa ba ne. A wasu yankunan jihar Karolina ta Kudu a Amurka ana buɗe kakar farautar barewa tun 15 ga Agusta, a kudancin Filorida ma masu kwari da baka suna farawa ne wajen ƙarshen Yuli ko farkon Agusta, Jojiya kuma a watan Satumba. Lokaci ne da ma'aunin zafi ke haura digiri 30 ga iska cike da laima, gumi ya fito amma ya ƙi bushewa. Yawancin kayan farautar da ke cika kantuna an yi su ne don sanyin Nuwamba da Disamba, masu shafi biyu, masu hana ruwa shiga, to abin da ke hana ruwa shiga yakan rage fitar zafin jiki shima, komai abin da aka rubuta a jikin kwalin. Ita kuwa raga iska na ratsa ta kai tsaye, ko ɗan kaɗawa kaɗan aka yi sai ka ji shi a fatarka, wallahi bambancin a bayyane yake.

Yanzu maganar ɓoyewa, wadda ita ce mutane suka fi damuwa da ita kuma nan ne aka fi ruɗa su da talla. Idon barewa ba irin namu ba ne. Binciken da aka yi a Jami'ar Jojiya a 1992 a kan barewa mai farar wutsiya ya nuna cewa nau'i biyu take da shi na ƙwayoyin ido masu bambance launi, mu kuma uku gare mu. Tana ganin shuɗi sosai, tana ganin abin da ya shafi rawaya da kore, amma ja da ruwan lemo ba ta bambance su yadda muke yi, suna sajewa ne da sauran launin daji a wurinta. Sannan idonta ba shi da kaifin tantance ƙananan abubuwa kamar namu, duk 'yan jijiyoyin ganye da ɓawon itacen da aka zana wa riga har ka ga kamar hoto, mai saye ne ke ganinsu a kanti, barewa daga nesa dunƙulen abu ɗaya take gani. Inda ta fi mu nesa ba kusa ba shi ne gane motsi da gani a duhu-duhun asuba da magariba, ga idanun a gefen kai suna ba ta damar ganin kusan digiri 300 ba tare da ta juya ba.

To ka ga abin da take nema kenan, motsi da siffar mutum, wato kai zagayayye a kan kafaɗu biyu da layi miƙaƙƙe na hannu da ƙafa. A nan ne rigar ganye ta yi wa kamo mai zane kawai fintinkau. Zane a kan yadi shimfiɗaɗɗe komai kyansa gefen jikinka yana nan a miƙe, amma ganyayyakin nan da suka fito waje suna wargaza layin kafaɗa da na kai, suna yin inuwa tasu, kuma idan iska ta kaɗa suna motsi tare da ganyen da ke kewaye da kai, har ɗan motsin da ka yi na ɗaga baka ko gyara bindiga yana shigewa cikin nasu. Na sha ganin barewa ta tsaya ta ƙura ido wajen da nake, ta buga ƙafa ƙasa yadda suke yi in suna shakka, sannan ta sunkuya ta ci gaba da kiwonta. Ga mai zama a ƙasa a gindin bishiya ba tare da bukka ba, ban san wani abin da ya fi ta ba.

Ba wai ina raina masu zane ba ne fa. Jim Crumley ne ya fito da Trebark, zanen kamo mai kama da ɓawon itace, wajen 1980, kafin nan mafarauta kakin soja suke sawa ko rigar da suka samu, sai Mossy Oak na Toxey Haas a Misisipi da Realtree na Bill Jordan a Jojiya suka biyo baya a 1986, kuma su ne suka mayar da abin babbar sana'a. Rigunan ganyen ma da yawa da zanen waɗannan kamfanonin ake buga su. Abin da zan ce kawai shi ne a farkon kakar farauta daji kore shar yake, to ka zaɓi mai kore da haske-haske a ciki, ka guji mai duhu da yawa domin daga nesa baƙin dunƙule yake zama, musamman in kana kan bishiya sararin sama na bayanka.

Aibinta kuma akwai, kuma ba zan ɓoye ba. Na farko ƙaya. Raga da ƙaya ba sa jituwa, in ka ce za ka kutsa sarƙaƙiya da ita za ta riƙe ka a kowane taku, ganyayyakin su yi ta cirewa, ga 'ya'yan ciyawa masu mannewa da za ka zauna cira ɗaya bayan ɗaya in ka dawo. Rigar zama ce, ba ta bin sawu ba. Wanda salon farautarsa yawo ne da laɓaɓawa cikin kurmi, riga da wando marasa nauyi na nailan ko foliyesta masu saurin bushewa sun fi masa.

Na biyu sauro, kuma wannan shi ne ya fi ci mini rai saboda wasu masu sayarwa suna tallata ta a matsayin maganin sauro. Inda ragar ta tsaya nesa da fata tana taimakawa, amma duk inda ta kwanta a jiki, kafaɗa, gwiwa, gwiwar hannu, bayan wuya, sauro yana zura bakinsa ta cikin hudar ya cije ka hankali kwance, kai kuma ba ka da damar kai masa mari domin marin nan shi ne zai kori barewar. Maganin abin shi ne ka sa riga mai dogon hannu mara nauyi a ciki, kuma ka sayi rigar ganyen da ta ɗan fi ka girma don ta yi sako-sako. Sannan a fesa wa kayan fametirin, maganin ƙwarin nan da ake fesa wa tufafi mai ƙarfin kashi 0.5 cikin ɗari. A tufafi ake fesa shi ba a fata ba, a waje inda iska ke kaɗawa, a bar shi ya bushe sarai kafin a sa, kuma feshi ɗaya yakan kai kamar mako shida ko wanki shida. Don Allah mai kyanwa a gida ya nisanta ta da kayan har sai sun bushe, yana yi musu illa sosai yana jiƙe, haka ma kifi, kada a zubar da shi a ruwa. Ba don sauro kaɗai nake nanata wannan ba, kaska ta fi shi haɗari. Ita ke yaɗa cutar Laim, kuma akwai wata irin kaska a kudanci da gabashin Amurka mai farin ɗigo a baya wadda cizonta kan sa jikin mutum ya daina karɓar jan nama, ka ga kuwa wannan ba ƙaramar musiba ba ce ga maharbi. Raga ba ta tare kaska ko kaɗan, sai ka cusa ƙafar wandon ciki a cikin safa, ka kuma duba jikinka in ka koma gida.

Na uku ya shafi masu baka. Ganyen da ke hannun da ke riƙe baka da na ƙirji suna iya kama tsirkiya lokacin saki, kibiya ta kauce, kuma babu abin da ya kai ciwon ka raunata dabba ta gudu da rauni saboda ƙyalle. Ka sa almakashi ka rage ganyen cikin hannun da na gefen ƙirji, ko ka ɗaura abin kare hannu a samansu, kuma ka gwada harbi sanye da rigar a wurin atisaye kafin ka shiga daji da ita. Hular ma tana rage gani ta gefe da jin ƙara, ni na fi son in bar ta a baya in sa hula mai baki da abin rufe fuska na raga daban. Fuska da bayan hannu suna ƙyalli idan gumi ya sauko, kuma su ne suka fi motsi a jiki, safar hannu siririya tana da amfani ko da zafi.

In za ka saya ka murza yadin a kusa da kunnenka. Wasu ganyayyakin an yi su da yadi mai taushi ba sa ƙara, wasu kuma suna da ƙarar leda wadda a kanti ba za ka kula ba amma a shirun asuba kai kanka za ta dame ka balle barewa. Ka duba ɗinkin ganyen ko an bi shi da zare sosai, ka duba zif ɗin ko yana cin raga, ka duba ko akwai tsagar da za ka zura hannu ka kai ga aljihun wandon ciki domin yawancinsu ba su da aljihun kirki. Maɗaurin Velcro kuma, mai mannewa da ke yin ƙara in an ɓalle shi, in akwai shi a inda za ka riƙa buɗewa, kada ka saye ta.

Wanki ma da nasa ƙa'idar. Yawancin sabulun wanki na gari ana zuba masa sinadarin da ke sa kaya su yi haske, yana karɓar hasken da idonmu ba ya gani ya mayar da shi shuɗi-shuɗi. Mu muna ganin tsafta, amma shuɗi shi ne launin da barewa ta fi gani, kuma idonta ba ya tace wannan ɓangaren hasken yadda namu ke yi. Masana suna da saɓani a kan yawan tasirin abin a daji, amma tunda sabulu mara wannan sinadarin kuma mara ƙamshi yana samuwa, ban ga dalilin yin kasada ba. Da hannu ake wanke rigar ganye ko a cikin jakar wanki, a shanya ta a inuwa. Saboda wannan dalilin dai kada ka sa wandon jins shuɗi a ƙarƙashinta, ta cikin raga ana hango shi.

Abin da ake sawa a ciki shi ne rabin aikin. Auduga tana shan gumi ta riƙe, foliyesta yana bushewa da wuri amma yana saurin ɗaukar wari, ulun tumakin merino siriri kuma, duk da sunan ulu na tsorata mutane a zafi, yana daɗewa bai yi wari ba sai dai bai kai foliyesta ƙarko da saurin bushewa ba. Ni merino siriri nake sawa in zama zan yi, foliyesta in tafiyar da nisa. Amma kada wani ya ce maka akwai rigar da za ta ɓoye warin mutum mai gumi daga hancin barewa, babu ita, ka zauna inda iska ke busowa daga wajenta zuwa wajenka shi kenan, in iska ta juya ka tashi ka canja wuri.

Sai dokar rigar lemo, wadda ba a wasa da ita. A wurare da dama dole ne mai farautar barewa a kakar bindiga ya sa launin lemo mai ƙyalli don sauran maharba su gan shi, a Jojiya misali inci murabba'i 500 ne daga ƙugu zuwa sama. A saman rigar ganyen ake sa ta ba a ƙarƙashi ba, kuma akwai ta raga wadda ba ta ƙara zafi. Wasu na ganin tana ɓata kamo, to barewa dai ba ta ganin launin yadda ɗan uwanka mai bindiga ke ganinsa, kuma mutumin da ya saje da daji har haka ya fi kowa bukatar a gan shi. Kowa ya duba dokar inda yake farauta tun kafin ya fita.

Wanda ke zaman dako a ƙasa ko a kan bishiya a farkon kakar farauta, musamman mai baka da ke bukatar barewa ta matso kusa, ina ba shi shawarar ya saye ta ba tare da shakka ba, ya ɗauki wadda ta fi shi girma da mataki ɗaya, ya haɗa da fametirin da rigar ciki mai dogon hannu. In sanyi ya shigo ma ba sai an ajiye ta ba, ana zura ta a kan jaket, sai dai koren ba zai dace da busasshen daji ba, lokacin mai ruwan ƙasa ake nema.