Helix: editan da ba sai ka kwana kana saita shi ba

Duk wanda ya taɓa zama yana gyaran init.lua, fayil ɗin saitin editan kod na Neovim, don kawai tree-sitter, manhajar da ke gane tsarin kod, ya kama aiki ya san wahalar, ka sa nvim-treesitter, ka ƙara na textobjects daban, ka tabbatar akwai gcc a kwamfutarka saboda sai an harhaɗa nahawun kowane yare, kafin ka rubuta layi ɗaya na kod dare ya raba. To shi Helix da kayansa ya zo, ka girka ka buga hx a taminal shi kenan. Blaž Hrastnik ne ya faro shi, da yaren Rust aka rubuta shi, kuma kyauta ne.

Inda ya fi burge ni wajen yawo cikin kod ne. Shi tree-sitter ɗin nan, wanda Max Brunsfeld ya ƙirƙira aka fara amfani da shi a editan Atom na GitHub, ba kalmomi yake bi yana canka ba irin na regex (hanyar neman rubutu ta kamanni), karanta fayil yake ya gane nan ne function ya fara nan ya ƙare, ko da ka bar baka a buɗe baya rikicewa gaba ɗaya. Ka danna ]f ya kai ka function na gaba, [f ya dawo da kai baya, maf ya kwaso shi dukkansa. Amma Alt-o ne gwanina wallahi, duk dannawa zaɓin sai ya ƙara faɗi, daga kalma zuwa abin da ke cikin baka har ya haɗiye duk toshin, Alt-i kuma ya rage.

Tura layi ciki ma haka, ka buɗe { ka buga Enter ya san inda zai sauka. In kana son sarari 2 maimakon 4 'yan layuka ne kawai a fayil ɗin languages.toml.

Sai dai fa kar wani ya ruɗe ka, gd mai kai ka inda aka ayyana abu ba aikin tree-sitter ba ne, sai ka girka sabar yaren da kanka, wato manhajar da ta san yaren da kake rubutu da shi, kamar clangd ko rust-analyzer ko pylsp, hx --health zai nuna maka abin da babu. Sannan salon madannan Helix na editan Kakoune ne, zaɓi tukuna sannan aiki, dw ɗin editan Vim mai goge kalma ya koma wd, yatsun tsohon ɗan Vim sai sun sha wuya kam. Kuma ba shi da tarin fulogin irin na Neovim.

Wanda ya riga ya gina Neovim ɗinsa yadda yake so ban ga dalilin tashi ba gaskiya. Sabon shiga taminal kuwa, da Helix zan ce ya fara.