Lagireto ko gaskit? Amsa ga Alhajin da Land Cruiser ɗinsa ke shanye ruwa

Alhaji, barka da warhaka. Na ga tambayar da ka ajiye mana daren jiya. Ka ce Land Cruiser ɗinka, samfurin 80 mai fetur ƙirar 1995, tana shanye babbar gorar ruwa tsakanin Birnin Kebbi da Yauri, ba ta hayaƙi, ba ta rawa. Bakanike ɗaya ya ce lagireto ne, na biyu ya ce gaskit ɗin kan inji, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, ya ƙone, a sauke kan. Wa za ka bi?

Kada ka bi kowa tukuna. Ruwan mota hanya biyu yake bi ya ɓace: ko ya tsiyaye waje, ko ya shige cikin inji. Na farko ciwon fata ne, na biyu ciwon ciki, kuma kuɗin maganinsu ko hanya ba su haɗa ba. In ka ba motar safiya ɗaya, da kanta za ta faɗa maka wanda ke damun ta.

Yoyon waje yana barin sawu. Ka shimfiɗa kwali ƙarƙashin inji ta kwana a kai, da safe ka duba inda ya jiƙe. Amma kwali busasshe bai wanke lagireto ba, domin ƙaramar kafa ba ta buɗewa sai inji ya ɗauki zafi, kuma ruwan kan ƙafe a jikin ƙarfe tun bai kai ƙasa ba. Abin da za ka nema shi ne busasshen sawunsa, fari-fari kamar an barbaɗa kanwa, ko jan tsatsa da ya gangaro ya bushe. Ka bi gaɓar da tankin roba ya haɗu da jikin lagireto, sama da ƙasa. Ka matsa kowane tiyo da hannu kusa da kilif; wanda ya kumbura ko ya yi laushi kamar dafaffen rogo, kwanansa ya ƙare. Ka haska tocila ƙarƙashin famfon ruwa, akwai ɗan ramin da kamfani ya bari da gangan, in sil ɗin ciki ya mutu ta nan yake ɗiga. Ka taɓa kafet ɗin ƙafar fasinja, in da danshi hita ce ke yoyo a cikin dashbod.

Sai wani wuri da nake so ka tsaya a kansa sosai, tunda injinka 1FZ ne, mai silinda 6, lita 4.5. Can bayan injin, ɓangaren direba, akwai wani guntun tiyon hita da bai kai tsawon yatsa biyu ba. Daga sama ba a ganin sa da kyau, sai an leƙa ta bayan tayar gaba. Shekara da shekaru yana gasuwa a wurin, ba mai waiwayar sa. Ni kaina an taɓa sauke min kan inji a kan maganar wani bakanike, aka sa sabon gaskit, mota ta kwana shida a gareji, muka fito ruwa bai daina raguwa ba. Wani yaron shago ne ya kwanta ƙasa da tocila ya nuna min tiyon nan ya tsage ta ƙarƙashin kilif, ruwan na bin bayan inji yana ƙafewa. Har yau in na tuna kuɗin da suka tafi raina na ɓaci, shi ya sa nake ja maka kunne.

Yoyon ciki kuwa ba ya jiƙa ƙasa, a cikin halin motar ake gane shi. Farin hayaƙi mai kauri a salansa wanda ba ya ɗaukewa ko inji ya yi zafi. Ban da ɗan tururin safiyar hunturu, wannan kowace mota na yi. Inji ya yi rawa a tashin farko kafin ya daidaita. In an kwance fulogogi, a ga ɗaya ya yi fes kamar an wanke shi alhali 'yan uwansa na da toka. Baƙin mai ya koma kalar shayi mai madara, ko da yake gaskit kan ƙone mai bai gauraya ba, don haka tsabtar mai ba hujja ba ce ita kaɗai. Alamar da na fi yarda da ita ba ta cin ko sisi: da sassafe, inji na sanyi, ka buɗe murfin lagireto, ka cika shi, ka tayar. In kumfa na ta tasowa ba ƙaƙƙautawa, iskar silinda ce ke kutsawa cikin ruwa. Ko ka rufe murfin ka tayar, in tiyon sama ya sandare kamar icce cikin minti ɗaya ko biyu tun allurar zafi ba ta motsa ba, labarin ɗaya ne.

Akwai na uku da duk su biyun ba su ambata ba, shi kansa murfin lagireto. Duba samansa, yawanci za ka ga 0.9 a rubuce. Matsin da yake riƙewa ne ke hana ruwa tafasa a digiri 100, ya kai shi kusan 120. In robarsa ta mutu, ruwa zai riƙa tafasa yana ficewa ta gorar gefe, kai kuwa kana neman ɓula ba ka gani. A zafin Afrilu na Kebbi da ke haura 40, ga mota na jan yashin fadama da ƙaramin giya, ga ƙaiƙayin shinkafa ya toshe haƙoran lagireto, mataccen murfi kaɗai ya isa ya shanye maka gorar nan.

Wanda zai raba gardamar shi ne famfon gwaji da ake ɗaurawa a bakin lagireto. A hura daidai abin da ke rubuce a murfi, inji na sanyi, a sa ido. Allura ta sauka kuma ga ɗigo, bakanike na farko ya yi gaskiya. Ta sauka ba ɗigo ko'ina, kafet a bushe, sai a juya ga maganar na biyu. Wasu garejin na da shuɗin ruwan gwaji da ke komawa rawaya in hayaƙin inji ya shiga lagireto. Duk bakaniken da ya ce a sauke kai bai yi ko ɗaya cikin waɗannan ba, ka ce masa ya dakata.

A wajen gyara ma tazarar babba ce. Tiyo, kilif, murfi ko famfo aikin yini ne. Lagireton tagulla ana like shi da dalma ya daɗe. Na tankin roba in ya tsage sai dai canji, gam ba ya jure zafi da matsi. Gaskit kuwa sai an sauke kai, kuma kan 1FZ na alminiyom ne, ga tsawo, in ya sha zafi yana lanƙwasa. Dole a aza masa ma'auni a ga ko ya miƙe, a kai shi a goge in ya karkace, a ɗaure kusoshi bi da bi da sifanar awo, ba da ƙarfin damtse ba. Kuma ka sani, yawanci yoyon waje da aka yi wa sakaci ne ke haifar da na ciki. Ko gwaji ya nuna gaskit ne, ka tambayi mai gyaran abin da ya ƙona shi. In ba a gano ba, sabon ma zai bi sawun tsohon.

Hodar toshe yoyo, ƙwai ko barkono da direbobi ke zubawa, in dare ya yi maka tsakanin Koko da Yauri za su iya kai ka gari, amma suna toshe ƙananan hanyoyin lagireto, a wanke su da an isa. Kada ka yarda a cire tamostat, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanya in inji ya yi zafi, a ce maganin zafi ne. Ruwan rijiya da na burtsatse su ke tara farin dutse da tsatsa a ciki; in an gama gyara a zuba kulan, wato ruwan sanyaya inji, in mai kauri ne a haɗa rabi da rabi da tataccen ruwa. Tsohon kulan da aka zubar kada a bar shi a kwano, zaƙi gare shi kuma guba ne ga yara da awaki.

Da abin da ka faɗa, ba hayaƙi ba rawa, zuciyata ta fi karkata ga yoyon waje, kuma da ni ne da murfi da guntun tiyon nan zan fara. Gobe da sassafe ka yi gwajin kumfa, amma don Allah kada ka taɓa murfin in inji na da zafi. In ka samu hali ka ɗauko mana hoton bayan injin ta wajen tayar direba, mu gani tare.